Wa Ya Ba Ɓarawo Kirarin Kanta?

A ƙasar Jega da Maiyama aka ƙulla wani abu da har yau yake ɗaure wa masu nazarin waƙar Hausa kai. Yankin na masarautar Gwandu ne, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji muryar almajirai daga wani zaure ba, inda kuma idan aka kama mutum da akuyar maƙwabci, 'ya'yansa ma sai sun sha wuya kafin su sami aure. Amma daga wannan yankin ne, daga ƙauyen Fagada, Alhaji Muhammadu Gambo ya fito, wanda ƙasar Hausa duka ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Bai yi sana'arsa a ɓoye ba. Yakan kira sunan ɓarawo, ya wasa shi yadda ake wasa sarkin yaƙi, kaset ɗinsa kuma ya shiga tashoshin mota da rumfunan kasuwa tun daga Yawuri har Kano. Yawancin masu sauraron nan ba ɓarayi ba ne. Direbobi ne da 'yan tireda da manoma, mutanen da ana kiran salla za su kashe rediyo su yi alwala, waɗanda da za a yi ihun ɓarawo a kasuwar Jega su ne za su riga kowa ɗaukar sanda.

To, me waɗannan bayin Allah suke ji a bakin Gambu? Ta wace hanya kuma kalmomin da aka tanada domin mazajen fama suka gangaro har suka sauka kan mai haura katanga cikin dare?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce zamani ya lalace. Ba ta gamsar da ni ba, domin waɗanda suka saurari Gambu a shekarun 1970 da 1980 iyayenmu ne, kuma a kan maganar sata sun fi mu tsanani nesa ba kusa ba. Wasu kan ce daɗin kiɗa ne kawai da iya zance. Gambu gwanin zance ne, babu shakka, amma gwanaye sun yi yawa a zamaninsa, kuma mutum ba ya shafe shekaru yana sauraron yabon abin da ransa ke ƙi don kiɗa ya yi daɗi kurum. Dole akwai wani abu a cikin waƙoƙin da kunnen Bahaushe ya riga ya saba da shi tun ba a haifi mawaƙin ba.

Hanyar ganowa ita ce a saurari waƙoƙin, a ɗauke satar a ajiye gefe, a duba abin da ya rage. Abin da ya rage shi ne namiji marar tsoro, mai shiga inda wasu ke gudu, wanda ya sha magani har ƙarfe ke jin kunyar jikinsa, wanda in ya shiga hannu zai sha duka bai yi raki ba, in kuma ya samu ya yi kyauta ba ya waiwaye. Rago kuwa zambo ne rabonsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da Gambu ya ƙirƙira. Su ne Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya jera wa Shago a fagen dambe, su ne Kassu Zurmi ya jera wa 'yan tauri da mafarauta. Shi ya sa manazarta adabin baka a jami'o'inmu ke zuba su a rukuni ɗaya da suke kira waƙoƙin maza, inda dambe da kokawa da tauri da farauta da noma da sata ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ke nan Gambu magaji ne. Babbar riga ya tarar a rataye, ya ɗauko ya saka wa wanda ya ga dama. Sauran aiki shi ne a gano wanda aka ɗinka wa rigar tun farko.

Sawun ya kai mu ƙarni na 16, wurin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi ya gina birnin Surame. Duk Bakaben da ke alfahari da asalinsa a nan yake kafa hujja, kuma yana da gaskiya. Kanta ya tsaya wa Songhai tana kan ganiyarta, ya kara da Barno, ya mai da ƙaramar ƙasa abin tsoro ga manyan dauloli biyu. Amma a duba yadda abin ya soma. Abdurrahman Sa'adi, malamin Timbuktu, ya kawo a littafinsa Tarikhus Sudan cewa Kanta ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, da aka juyo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima. Nan Kanta ya juya wa Askiya baya, wajen 1516 zuwa 1517, ya kuma kori rundunar da aka tura masa. Daular da ta fi kowace suna a yammacin ƙasar Hausa, a kan kason dukiyar da aka kwaso daga garin wasu ta fara tsayawa da ƙafarta.

Ba Kabi kaɗai ba ce. Tsohuwar waƙar yaƙin Girkawa, Iliyad, da rigimar ganima ta buɗe: Akilis ya yi fushi ya janye daga fagen fama saboda sarki Agamemnon ya ƙwace masa wata mace da aka ba shi cikin kason yaƙi. Larabawan Jahiliyya, waɗanda malamanmu ke karanta waƙoƙinsu a zaure don koyon lugga, sun ma wuce nan. Suna da wani rukuni na mawaƙa da hari shi ne abincinsu, irin su Shanfara da Urwa ɗan Wardi, kuma an adana waƙoƙinsu ƙarni bayan ƙarni ba a ƙone su ba. A duniyar da, jarumi mai kwasa ne. Abin da ya raba shi da ɓarawo shi ne tuta da tambari da rana tsaka. Sarki ya ba shi izini, maroƙi ya shaida, shi ke nan.

Akwai kuma wani mutum da ba a jin muryarsa a duk waɗannan labaran, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi a zuci, domin za a neme shi a gaba. Labarin baka ya ce lokacin da Kanta ke gina ganuwar Surame ya sa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa su aiko ma'aikata, Nufawa suka makara, sai ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗe za su kwaɓa nasu kason. Ana ba da wannan labari ne don a nuna girman Kanta, ba a ba da shi don a tausaya wa mai kwaɓin. Haka yake ga Sarkin Kabi Sama'ila, Sama na Argungu, wanda ya hau a 1883 ya rasu a 1915. Abin da aka fi tuna shi da shi su ne garuruwa 90 da aka ce ya ci ya ƙone a faɗansa da Gwandu da Sakkwato. A wurin Kabawan Argungu, waɗanda tun tawayen Yakubu Nabame a 1849 suke kare 'yancinsu da jininsu, Sama gwarzo ne, kuma ba na jayayya da su. Sai dai garuruwan nan na mutane ne, wasunsu kakannin mazauna ƙasar Gwandu na yau, kuma a cikin lissafin 90 ɗin nan babu sunan tsohuwa ko ɗaya da rumbunta ya ƙone.

Da daga Kanta aka miƙe kai tsaye zuwa Gambu, da maganar ta yi sauƙi. Amma wani abu ya gitta a tsakani, kuma daga mutanen da suka kafa Jega ya taso.

Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ɗaya daga cikin manyan Hausawan da suka bi shi. Da sarakunan Gobir suka matsa wa jama'ar Shehu, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, ta kashe na kashewa, ta ɗaure sauran ta nufi gida da su. A ma'aunin zamanin Kanta wannan hari ne da ya yi kyau, tunda an je, an ci, an kwaso. Amma hanyarsu ta biyo ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu Musulmi cikin igiya, suka tare rundunar suka kwance su. Daga nan sai hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, sai Tabkin Kwatto a watan Yuni. Kwance ɗaurarru ne ya kunna wutar jihadin, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa an zo da wani ma'auni daban.

Malaman jihadi ba su haramta ganima ba, linzami suka sa mata: wa ya halatta a yaƙa, yaya za a raba, ina kason baitulmali. Sun shigo da tambayar da maroƙin fada bai taɓa damuwa da ita ba, wato don me aka yi yaƙin. Malam Abdullahi ya ɗauki tambayar da gaske har ta raba shi da rundunar da yake cikin jagororinta. Wajen 1807, tun Alƙalawa, birnin Sarkin Gobir, ba ta faɗi ba, da ya ga son mulki da dawakai da ƙwaraƙwarai ya fara cin zukatan mayaƙa, sai ya bar su ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam, sannan ya dawo. Wannan sabon irin gwarzo ne a ƙasar nan, wanda ake yabo saboda abin da ya ƙi karɓa. Ni a wurina tafiyar nan tasa ta fi ranar da ya ci Birnin Kabi a 1805 nauyi.

Tarihin Abdussalami kansa kuwa ya nuna wani abu mai ɗaci. Da aka ci ƙasa aka zo rabo, abin da ya samu bai kai abin da yake ganin ya cancanta ba. An ba shi Sabiyal da 'yan garuruwan da ke tare da ita, a yankin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Aliero, ƙarƙashin Malam Abdullahi. Daga baya ya koma Kware, kusa da Sakkwato. Shehu ya rasu a 1817, ba a jima ba Abdussalami ya yi wa magajin Shehu, Muhammadu Bello, tawaye, yana kukan an yi son kai a rabon ƙasa kuma zaluncin da aka tashi kawarwa ya dawo. Aka yi ta musayar wasiƙu, abin ya kai ga yaƙi, Kware ta faɗi, ya fita da raunin kibiya ya rasu a Bakura a farkon 1818. Mutumin da aka soma jihadi saboda an kama jama'arsa, a matsayin ɗan tawaye ya shiga littafi. Littafin da muka san maganganunsa ta cikinsa kuma, Sardul Kalam, Bello ne ya rubuta shi. Ya kamata a yaba wa Bello da ya kawo hujjojin abokin gabarsa bai binne su ba, amma alƙalamin dai yana hannun wanda ya yi nasara. Ashe ba a fagen fama ake gama zama jarumi ba, sai an iso wurin mai ba da labari.

Sauran mabiyan Abdussalami sun taru a Kalambaina suka ci gaba da faɗa da Gwandu, har Bello ya kawo wa baffansa Malam Abdullahi ɗauki aka ci garin wajen 1820. Buhari ɗan Abdussalami kuwa ya ɗauki wata hanya. Ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega, kuma har yau Gimbanawa ake ce wa mutanensa. Abin da ya fitar da sunan garin a ƙarni na 19 kasuwa ce, ɗaya daga cikin mafiya girma a daular Usmaniyya, inda fatake ke saukar da goro da gishiri da tufafi da dawakai, har da bayi, kada a ɓoye. A ma'aunin waƙoƙin maza, ɗan da ya yi sulhu da waɗanda suka ci mahaifinsa ba abin wasawa ba ne. Amma tawayen Kware da na Kalambaina sun mutu a inda aka yi su, kasuwar Jega kuwa tana nan tana ci.

Saura taki ɗaya a iso Fagada, kuma Turawa ne suka yi shi. Sun kafa sansani a Argungu a 1902, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin shekarar, aka murƙushe Satiru a 1906. Daga nan yaƙi ya zama na gwamnati ita kaɗai. Hari ya ƙare, kamun bayi ya ƙare, ganima ta ƙare. Sarki ya koma mai albashin En'e, barde ya koma mai hawan salla.

Marubuta sun ji wannan giɓi. Malam Bello Kagara, a littafinsa Ganɗoki na 1934, ya ɗauko mayaƙi daga zamanin Nagwamatse na Kwantagora ya sa ya gwabza da Turawa, da ya rasa filin da zai ajiye shi a ƙasar Hausa sai ya kai shi duniyar aljanu ya ci gaba da yaƙi a can. Makaɗi ba shi da wannan dama. Da mai rai yake hulɗa, wanda zai ji kirari tsikar jikinsa ta tashi, ya tuɓe riga ya miƙa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa suka ci gaba da kiran sarakuna da sunayen yaƙi alhali yaƙin ya wuce. Sauran suka bazama neman inda namiji ke jefa jikinsa cikin haɗari: fagen dambe bayan girbi, dajin farauta, gayyar noma, taron 'yan tauri. Amma ɗan dambe ba ya kwaso komai, manomi guminsa yake ci. A cikin mazajen nan duka mutum ɗaya ne ya rage yana yin ainihin abin da mayaƙin zamanin da yake yi, wato ya sayar da ransa, ya shiga inda ba a gayyace shi ba, ya kwaso dukiyar wani, ya dawo ya yi kyauta da ita. Shi ne ɓarawo. Ba shi da tuta, ba shi da izinin sarki, rana ma ta ƙi shi sai dare, amma siffar aikin ita ce dai. Gambu bai karkatar da tsohon kirari ba. Ya bi shi ne har inda ya kwana bayan an ƙwace wa sarakuna takobi.

Wannan ya warware ɓangaren mawaƙi. Saura masu sauraro, kuma nasu ya fi wuya.

Talakan da ya girma a ƙarƙashin haraji da jangali da aikin tilas, wanda ya saba tuɓe takalmi tun daga nesa in ya hango dogari ko ɗan doka, yana da wani ƙulli a ƙirji da ba ya iya faɗa. In ya ji labarin wani da bai san tsoron hukuma ba, ko da mutumin banza ne, sai ya ji wani abu ya ɗan sassauta. Ba mu kaɗai ba ne a nan. Ingila na da Robin Hud, kuma masanin tarihi Eric Hobsbawm ya rubuta littafi guda a 1969 a kan yadda manoman ƙasashe da dama ke mai da 'yan fashi gwarazan waƙa. Sai dai kada a yi wa ɓarayin ƙasarmu kwalliyar da ba tasu ba. Ba marayu suke ciyarwa ba. Wanda suka fi cuta talaka ne ɗan'uwan mai sauraron, mai sa guda ɗaya a turke, ko wanda ya sayar da albasarsa ya ɗaure kuɗin a lalita ya shiga cunkoso. Abin da ya sa ake iya jin waƙar a yi dariya shi ne wannan mutumin ba ya magana a cikinta, kamar yadda mai kwaɓin Surame bai yi magana ba, kamar yadda tsohuwa mai rumbu ba ta yi ba. Ga shi kuma ɓarawon lokacin, komai taurinsa, ihun gari ɗaya ya isa ya kore shi. Mutum na iya jin daɗin labarin abin da ya san ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya tabbatar mini da wannan bayani shi ne yadda kasuwar irin waƙar ta mutu. Gambu kansa a ƙarshen rayuwarsa ya bayyana cewa ya tuba ya bar ta. Amma ko da bai bari ba, zamani zai raba shi da masu sauraro. Ɓarawon da ke haura katanga da wuƙa ya ba da wuri ga ayarin babura da bindigogi, waɗanda ihu ba ya kora. Ranar 17 ga Yunin 2021 suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a daji. A ƙarshen wannan shekarar wata waƙa ta yabon jagoran 'yan bindiga Bello Turji ta yi yawo a wayoyi. Kayan cikinta tsofaffin kayan nan ne, rashin tsoro da gagara da fin ƙarfin maza. Amma fushi ta tayar, har ana kiran a kama wanda ya rera ta. Kirarin bai canza ba, ƙarfin halin wanda ake yi wa ma ba a ce babu shi ba. Wanda aka cuta ne ya sami baki. Uwar da aka ɗauke wa 'ya tana magana a sashen Hausa na BBC da safe, muryar mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa tana yawo a WhatsApp, kuma da wuya ka sami gida a Kabi ko Zamfara ko Sakkwato da bai san wani da abin ya shafa ba. Sarki ya taɓa zama mai naɗa jarumi, malami ya karɓa da alƙalaminsa, yanzu kuma wanda ya ɗauki asarar ya shigo zauren yana son a ji ta bakinsa. 'Yan bindigar kansu har yanzu tsohon yabon suke ƙishirwa, shi ya sa suke ɗaukar kansu a bidiyo suna baje kuɗi da makamai a TikTok.

In haka ne, wa ake ɗaga wa hannu yau a wannan yanki? Wanda aka fi sani ɗan garin Jega ne. Ranar 31 ga Maris 2015, ana tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe makirufo ya yi ta ɗaga murya yana zargin shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, da son kai, a gaban kyamarorin da ƙasa duka ke kallo. Ƙasar kuwa a lokacin ashana ɗaya take jira. Farfesa ya zauna bai motsa ba, ya bar shi ya gama, ya amsa masa a natse, aka ci gaba da karanta sakamako. Mutumin ba baƙon faɗa ba ne, shi ya jagoranci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga 1988 zuwa 1994, a zamanin soja. Amma abin da mutane suka riƙe nasa shi ne ranar da aka tsokane shi ya ƙi tashi. Akilis saboda an taɓa mutuncinsa ya bar rundunarsa ana karkashe ta. A nan kuma haɗiye fushi aka yaba, domin kowa ya san gidajen da za su ƙone da ya biye.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga talabijin. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da masu ɗori, waɗanda ake kawo wa karayar da mota da babur suka yi daga nesa ƙwarai. Ina cikin masu ganin cewa akwai karayar da ba ta da wurin zuwa sai asibiti da hoton ƙashi, kuma jinkiri a kanta kan jawo a rasa ƙafa. Duk da haka ina ganin abin lura ne a ce a ƙasar da aka yi ƙarnuka ana wasa mai karya maza, gidajen da baƙi ke tambaya da girmamawa tun daga tasha su ne na masu haɗa abin da ya karye.

Sai kuma mutanen Mera, a ƙaramar hukumar Augie ta masarautar Argungu. A watan Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kora musu shanu, mazan garin suka bi sawu, mutum 15 aka ba da rahoton sun rasa ransu. Ƙarfin halinsu irin na mazan jiya ne, ba ragi. Abin da suka fita yi kuwa shi ne maido da abin da aka kwasa, kuma ƙasa duka ta san gefen da ta tsaya.

A nan ne kuma nake jin tsoro, domin tsohon kirari ba ya tambayar dalili, duk namijin da ya fito da makami zai iya ɗaukarsa. 'Yan sa-kai a Zamfara da kare gari suka fara, mutane suka yi musu addu'a. Daga baya wasunsu suka koma kama Bafulatani a kasuwa su kashe ba alƙali ba shaida, har gwamnatin jihar ta kai ga haramta su, kuma wannan ɗanyen aiki na cikin abubuwan da suka hura wutar da ke cin yankin yau. Makiyayin da aka kashe wa ɗa a kan laifin da bai yi ba, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki asara, kuma har yanzu ba kasafai ake kai masa makirufo ruga a ji ta bakinsa ba.